GAIWA MAI CIN JIKINTA, DA SAURAN 'YAN RUWAN DA SUKA KOYA MINI KIWO

Yau ba maganar farashin abinci ko rigakafi na zo da ita ba. Labarin wasu kifaye ne na ruwan ƙasarmu, waɗanda in ka ji halinsu sai ka rantse tatsuniya ce. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Amma wanda ya san yana tara kuɗi don ya kafa kwamin kifi bana, don Allah ya daure ya kai ƙarshe, domin ni sai da fiye da rabin jarina ya salwanta kafin na gane abin da zan faɗa muku yau kyauta.

KAMUN KIFI DA HAUYA

Ina ɗan shekara 10, wata rana a tsakiyar bazara, kakana ya leƙo zaure ya ce, "Kai abokina, ɗauko hauya mu tai kamun kihi."

Na yi dariya na ce, "Kaka, tsufa ya fara taɓa ka ke nan. Ina aka taɓa kamun kifi da hauya? Kuma ina ruwan yake?" Domin a lokacin gulbin Gagare kansa ya koma yashi, mata na tona shi suna kwalfar ruwa da ƙoƙo.

Ya ce, "Kai dai biyo ni, ɗan boko."

Ƙauyenmu na tsakanin Kasuwar Daji da Ƙaura Namoda. Muka yanki hanya har wata fadama da ruwa ke kwanciya da damina. Ƙasa ta bushe ta tsattsage kamar fason ƙafa. Kaka ya riƙa tafiya a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Can ya tsaya a kan wani ɗan rami da bai wuce shigar yatsa ba. Ya sara, ya sara, ya ɗago wani curin busasshiyar laka, ya fasa shi a hankali. Sai ga wani abu a naɗe, lulluɓe da wata siririyar fata mai kama da busasshen ganye. Ya saka shi cikin bokitin ruwan da muka zo da shi, muka koma inuwa muka zauna.

An jima na leƙa bokiti. Abin nan ya warware, ya yi tsawo, ya ɗago kai ya buɗe baki ya yi wani gurnani. Ni kuwa ƙafa me na ci ban ba ki ba! Kaka na dariya har da riƙe ciki, yana cewa, "Dawo, matsoraci! Ba maciji na ba, gaiwa ta."

KIFIN DA RUWA KE CI

Sai da na shiga jami'a na san cewa abin da Kaka ya tono ranar nan yana cikin halittun da suka fi ba masana mamaki. Sunanta a littafi Protopterus annectens. Gaiwa kifi ce mai huhu, huhu na gaske irin wanda ake shaƙar iska da shi. Dole ne lokaci-lokaci ta ɗago kai saman ruwa ta shaƙa. In ka danne ta a ƙasa ka hana ta ɗagowa, mutuwa za ta yi. Kun ji kifin da ruwa ke ci.

Maimakon fika-fikai irin na sauran kifi, wasu siraran abubuwa guda 4 gare ta kamar taliya, da su take dogarawa a kan laka. Takan kai tsawon mita guda. Haƙoranta faffaɗa ne masu ƙarfi, da su take fasa dodon koɗi, don haka kar ka kuskura ka miƙa mata yatsa. Masana sun ce danginta sun kai shekara miliyan 400 a duniya, kuma iri 6 kaɗai suka rage a yau: 4 a Afirka, 1 a Kudancin Amurka, 1 a Ostireliya. Wato abin da Turawa ke biyan kuɗi su kalla a gidan adana kifaye, mu yana kwance a ƙarƙashin gonar shinkafarmu.

Ga yadda take yi. Da ruwan fadama ya fara ja da baya, tun laka na da taushi, sai ta tona da baki ta shige. Ta lanƙwasa jiki, ta juyo da kanta sama. Fatarta ta fitar da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zama jaka ta rufe ta ruf, sai 'yar kafa ɗaya daidai bakinta, wadda iska ke shigowa ta ramin nan da Kaka ya gani. Daga nan sai ta rage komai. Bugun zuciya ya ragu, numfashi ya ragu, ba ci ba sha. Dattin da ya kamata ta fitar, sai jikinta ya mai da shi yuriya ya adana har ruwa ya dawo. E, yuriya dai, sinadari ɗaya da takin nan da muke sa wa masara. Mu muna bin layi muna saye, ita tana haɗa nata a kwance.

Haka za ta zauna wata 7 ko 8 na raninmu. A ɗakin bincike an ga wadda ta haura shekara 3 a haka, aka zuba mata ruwa ta farka.

To me take ci duk tsawon wannan lokaci? Tsofaffi sun ce gaiwa jikinta take ci. Da na ɗauka camfi ne, ashe gaskiya ce. Ba wai tana gutsurar wutsiyarta da haƙori ba ne, a'a, jikin ne ke narkar da tsokarsa kaɗan-kaɗan yana rayuwa da ita. Shi ya sa gaiwar da aka tono a ƙarshen bazara za ka same ta ramammiya.

Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

TARWAƊA: MAI TAFIYAR ƘASA, MAI CIN 'YAN UWANTA

A 2021, bayan na gama bautar ƙasa, na dawo gida da digirin kasuwancin noma da 'yan kuɗin da na tara. Kowa ya san halin da yankinmu ke ciki. Gonakin nesa da fadamun da muke zuwa da Kaka sun zama wurin da ba a shiga sai da fargaba. Shi ya sa da yawa daga cikinmu muka koma neman abin da za a yi a bayan ɗaki. Ni na zaɓi tarwaɗa. Na kafa kwamin tamfol, na zuba 'ya'ya 500 a farkon watan Yuni. A raina har na fara duba kalar babur ɗin da zan saya.

Bayan kamar sati 6 na lura kifi sun yi ƙaranci. Ba gawa a saman ruwa, ba gawa a ƙasa. To ina suke zuwa? Nan take zargina ya faɗa kan ƙanena, don na taɓa jin ƙamshin suya daga ɗakinsu. Na tsare yaron nan da tambaya har ya yi kuka, Inna ta shiga tsakani ta ce, "Kai da kifinka ku bar mini ɗa ya huta."

Ran da na zubar da ruwa na ƙirga, 380 na samu. A cikinsu akwai wasu ƙatti guda 9 da suka ninka sauran sau uku ko huɗu, ciki tim. Na ɗago ɗaya, sai ga wutsiyar ɗan uwansa na leƙe a bakinsa. Ɓarawon ashe a cikin kwami yake kwana, kuma ni nake ba shi abinci safe da yamma.

Wannan halin tarwaɗa ne. Duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kuma a kowane zubi sai an samu wasu 'yan kaɗan masu saurin girma, waɗanda masu kiwo ke kira shuta. Maganinsu warewa: duk sati 2 a watanni biyun farko, ka tace kifinka, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. A yi da sanyin safiya, kafin a ba su abinci. Wannan na nufin kwami ɗaya ba ya isa, ko da ƙaramin baho ne ka tanadi na biyu. An koya mana wannan a aji, na rubuta a jarrabawa na ci, amma ban yi ba.

Ban gama ba ƙanena haƙuri ba sai ga ruwan Agusta. Wani dare aka kwana ana tafkawa, kwamin ya cika ya batse. Da asuba maƙwabcinmu ya yi sallama riƙe da bokiti, ya ce, "Malam, ga baƙinka nan, a ƙofar gidana na tarar da su." Tarwaɗa 11. Wasu muka tsinto a kwata, wasu a bayan rumbu, guda 3 kuwa sun miƙe kan hanya sosai kamar masu niyyar zuwa Gusau. Kusan 30 suka fita a daren, agwagi da kyanwoyin unguwa suka yi walima da rabi.

Dalili shi ne tarwaɗa ma tana shaƙar iska. In ka fasa kanta, a saman matsatsin da take tace ruwa da shi za ka ga wani jan nama mai rassa kamar ƙaramar bishiya. Da shi take numfashi a waje, tana iya yin sa'o'i muddin jikinta na da danshi. Sai ta kafa ƙayoyin nan biyu na gefen ƙirjinta a ƙasa, ta riƙa murɗa jiki tana ja. A daji haka take ƙaura daga kududdufi zuwa kududdufi. Don haka a bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakanin ruwa da bakin kwami, a sa bututun da zai fitar da rarar ruwa, a rufe sama da raga. Ragar za ta tare tsuntsaye ma.

MINJIRYA: MAI WUTAR DA BA A ƊAUKEWA

Wani abokina daga wajen Zurmi ya ga abin da na kashe wajen sayen iri, ya ce shi ba zai yi wannan wautar ba. Gulbin Bunsuru na kusa da su, ya ba masunta 'yan kuɗi kaɗan suka ciko masa bokiti da ƙananan kifi. Ya zuba a kwami yana murna ya yi wayo.

Bayan wata biyu ya tsoma hannu zai kama ɗaya ya duba girma. Sai ji aka yi ya ƙwala ihu ya faɗi zaune, yana salati, yana cewa wallahi akwai mutanen ɓoye a cikin ruwan nan. Har an fara maganar a nemo mai ruƙiyya, wani dattijo ya sa koma ya kwaso abin. Minjirya ce, ƙatuwa, ta yi ɓul-ɓul da kifin abokina.

Minjirya dangin tarwaɗa ce, gajera mai kauri, jikinta lumtsum kamar an cusa tsumma a safa. A ƙarƙashin fatarta akwai wani nama mai kama da kitse da ya lulluɓe kusan dukkan jikinta, shi ke haɗa lantarki. Babba takan saki abin da ya kai bolt 350, alhali wutar da ke soket ɗin ɗakinka wajen 230 ce. Sa'ar da aka yi, nata bugu ne na ƙiftawar ido, yana jefar da mutum amma ba a san shi da kisa ba. Da shi take sumar da ƙananan kifi da dare ta haɗiye. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun zana ta a bangon kaburbura, Larabawa kuma suka sa mata suna ra'ad, wato tsawa, tun kafin a san mene ne lantarki. Ba ta biyan kuɗin wata, ba a taɓa yanke mata ba. Na ce wa abokina da ya bar ta ko cajin waya ya riƙa yi.

Abin dariya ne, amma asarar ba ta dariya ba ce. Irin gulbi ba ka san shekarunsa ba, ba ka san iyayensa ba. Wani kifin da kake gani ƙarami, tsoho ne da ya tsumbure, ko buhu nawa ka ba shi ba zai motsa ba. Ga cuta, ga baƙin da ba ka gayyata ba. Araha ba ta ado. A sayi iri a wurin masu ƙyanƙyasa, a je da kai a gani, a zaɓi masu kai ɗaya, masu kuzari. Mai farawa kuma ya fi masa ya sayi waɗanda suka ɗan tasa, ko da sun fi tsada, don sun fi jure wahala.

ƘURUNGU: MAI IYO A RIGINGINE

Wanda ya taɓa zagaya wajen masu kifi a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ya san ƙurungu, mai ƙaya uku da ke kafewa su ƙi lanƙwasuwa, wanda in an kama shi yake kuka ƙurr-ƙurr kamar yana kai ƙara. Kukan ba daga baki yake fitowa ba, ƙayar gefensa ce yake gogawa a gindinta.

A cikin dangin ƙurungu akwai masu iyo a rigingine, ciki sama baya ƙasa, don su ji daɗin tsintar abin da ke yawo a saman ruwa. Ikon Allah, har launinsu ya juya. Sauran kifi bayansu ne baƙi cikinsu fari, su kuwa cikin ne ya fi duhu, don kada tsuntsu ya hango su daga sama.

Na kawo shi ne don wani saƙo da aka taɓa turo mini: "Yallaɓai, kifina sun fara iyo a rigingine, ko wani iri ne na musamman?" Ɗan uwa, in ba ƙurungu ka zuba ba, wannan ba salo ba ne, sallama ce suke yi maka. Kafin a kai nan tarwaɗa takan ba da alama. Za ka ga sun tsaya a tsaye cirko-cirko a saman ruwa, gashin baki a sama, sun ƙi abinci, ruwan na kumfa yana wari. Ruwa ba ya tsami banza: ragowar abinci ne da kashinsu suka ruɓe suka zama guba. Abin yi na farko ba sayen magani ba ne. Dakatar da abinci, sauya ruwa. A tamfol kar ka wuce kwana 2 zuwa 3 ba ka rage tsohon ruwa ka ƙara sabo ba. Don tarwaɗa na shaƙar iska ba shi ne za ta zauna a masai ba.

Haka da hunturu. Tarwaɗa ta fi son ruwa mai ɗumi, wajen digiri 26 zuwa 30. In sanyin Disamba da Janairu ya sauka, cinta na raguwa. Ka rage abinci, ka bari sai rana ta ɗaga. Abin da ka watsa ba su ci ba, kuɗinka ne ya nutse, kuma zai dawo ya ɓata maka ruwa.

TALIBAMBAM: GIRMAN ISKA

Akwai wani ɗan kifi mai zane-zane a jiki da baki kamar na aku, talibambam. In ya ji tsoro sai ya haɗiyi ruwa ko iska ya kumbura ya zama ƙwallo, don ya fi ƙarfin bakin mai son haɗiye shi. Ka ajiye shi ka ba shi lokaci, sai ka ji fuuu, ya sace ya koma ɗan mitsitsinsa. Danginsa kuma an san su da guba, ba kifin da za a jefa a miya da ganganci ba ne.

Duk lokacin da na ga irin lissafin nan da ke yawo a waya, "zuba kifi 1,000 ka kwashi riba kaza a wata 4", talibambam nake tunawa. Za a lissafa maka kuɗin iri da na tamfol, a ninka kifi 1,000 da farashin kilo, a ce ga ribarka. Ba mutuwa, ba shuta, ba kuɗin mai na jawo ruwa, abinci kuma a taɓa shi sama-sama. Irin wannan lissafin na hau, ni da ke da digiri a kan lissafin.

Ga na gaskiya. Abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon tarwaɗa. In abincin mai kyau ne, kulawa ma ta yi kyau, kifi na buƙatar wajen kilo 1.2 na abinci kafin ya yi kilo 1. A ce cikin 500 ɗin nan 450 sun rayu. Kilo 540 ke nan na abinci, wato buhu 36 mai kilo 15. Ni kuwa kuɗin buhu 14 gare ni. Na ce a raina, kafin su ƙare Allah zai kawo. Abin da ban lura da shi ba, watan farko kifi ba ya cin komai, buhu ɗaya sai ya yi ta ja maka har ka ɗauka kai gwani ne. Yawancin abincin a watanni biyun ƙarshe yake tafiya, lokacin da aljihu ya riga ya bushe.

YADDA NA ZAMA GAIWA

Buhuna na ƙarshe ya ƙare a ƙarshen Agusta. A farkon Satumbar 2021, saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar Zamfara, aka hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya. 'Yan yankinmu ba su manta ba. Mataki ne da ya shafi kowa, amma wanda ya shiga lokacin da shiri daban, wanda ya shiga hannu rabbana daban. Ni ina cikin na biyu. Ba kasuwa, ba waya balle in kira mai saye daga Gusau, ga bakuna 350 na jirana kullum.

Sai na kwashi 100 da ba su kai rabin kilo ba, na sayar wa masu suya a farashin da suka ga dama, na sayi abinci na ba sauran. Bayan kwana 12 abincin ya ƙare. Na sake kwasar 80. Da wannan ma ya ƙare, na koma watsa musu dusa da ragowar tuwo. Ruwa ya ɓaci, wajen 20 suka mutu a kwana biyu. A ƙarshe kifi 150 na fitar, yawancinsu ba su wuce giram 600 ba. Babur dai har yau yana shago.

Ina zaune bakin kwami na yi tagumi, Kaka ya dogaro sandarsa ya zo. Na zayyana masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To abokina, mi yar raba ka da gaiwa? Ita ta ci jikinta don ruwa ya ƙahe. Kai kuwa ka ci naka ruwa na zuba."

Na ce, "Kaka, ta'aziyya ka zo yi ko dariya?"

Ya ce, "Duka biyu. Amma ka zagi gaiwa in ka ce halinku ɗaya. Ita tun da damana take cika cikinta. Kuma ba ta jiran ƙasa ta bushe kahin ta yi gina."

Allah Ya jiƙan Kaka, bara waccan ya rasu. Shekara 4 na yi a jami'a, amma wannan magana tasa ita ce ta zauna mini. Gaiwa na cin jikinta ne da lissafi: ta tara kafin rani, ta shige da wuri, ta rage kashewa har ƙasa. Mai kiwon da ke sayar da rabin kifinsa don ya ciyar da rabi, shi cin jiki kawai ya koya, bai koyi shirin ba.

ABIN DA NAKE YI YANZU

1. Abinci nake fara lissafawa, ba kifi ba. Buhu ɗaya mai kilo 15 na kai kifi 12 zuwa kilo guda. In kuɗin buhu 14 gare ka, kifinka 170 ne, ba 500 ba. Kifi 170 masu kilo sun fi 500 masu kama da yatsa daraja a wurin mai saye.

2. Ba na zuba iri sai kuɗin abincin gaba ɗaya na hannu, ko abincin kansa na ajiye a kan katako, wurin da ba danshi. A duba kwanan watan buhu kafin a tara.

3. Ina ware wani abu, ko kashi 10 cikin 100 ne, wanda ba na taɓawa sai ta ɓaci. A yankinmu hanya na iya rufuwa, kasuwa na iya tsayawa. Wannan ba baƙin fata ba ne, sanin gida ne.

4. Ina neman mai saye tun kifi na wata 2: masu gashi, masu farfesu, matan da ke suya, har gidajen biki. Kuma ba mutum ɗaya ba.

5. Na koyi banda. Kifin da ya isa sayarwa kana riƙe da shi a ruwa, ribarka yake ci kullum. Kifin banda kuwa ba ya cin abinci, in ya bushe sosai yana makonni, kuma yana shiga mota ba ruwansa da jarka. Banda ita ce jakar gaiwar mai kiwo.

6. Kuɗin kifi daban, kuɗin cefane daban. Ranar da ka fara zarar na abinci kana sayen kati, ka fara cin wutsiyarka.

Masu kaji, kar ku ce ba da ku ake ba. Kajin gidan gona na nama guda 100 za su ci wajen buhu 18 mai kilo 25 kafin su kai sati 7 zuwa 8, kuma su ma a makonnin ƙarshe suke buɗe ciki. Sau nawa muka ga wanda ya zuba 200 don sallah, a sati na 5 ya fara sayar da 20 don ya ciyar da 180? Gaiwa ce mai fuka-fuki.

Na san wani zai tambaya, to ita gaiwar ana kiwonta? Ban ba ka shawara ba. Mafarauciya ce mai cizo, in ka haɗa ta da tarwaɗa za ka riƙa tsintar kifi ba wutsiya. Ka bar ta a fadamarta, ka ɗauki darasinta kawai.

Yanzu kwami 3 gare ni, kifi 200 a kowanne, ina zuba su wata biyu-biyu a tsakani, don na gaba ya riƙa ciyar da na baya. Ban yi kuɗi ba, amma na daina cin jikina, kuma ƙanen nan nawa da na zarga shi ne mai kula da warewa. Har yau in ya kama shuta sai ya ɗaga shi sama ya ce, "Yaya, ga ɓarawonka."

Wanda ya taɓa tono gaiwa, ko minjirya ta taɓa gaishe shi, ya ba mu labari a ƙasa, a faɗi kuma sunan da ake kiransu a garinku. In Allah Ya kai mu, rubutu na gaba a kan zabuwa ne, uwar da ke zuba ƙwai a daji ta bar wa kaza reno.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya nuna mana ranar da za mu koma fadama da hauya, mu da 'ya'yanmu, ba tare da waige ba. Amin.